Teku da Daminar Hawandawaki: Shin Hasashen Ruwa Shiga Gaibu Ne?

Hawandawaki ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Tasawa, cikin jihar Maraɗi, dab da iyakar Nijar da Najeriya. Mutanenta manoma ne da makiyaya, suna shuka hatsi da dawa da wake da gyaɗa a kan jigawa. Tsakaninsu da gaɓar teku mafi kusa akwai fiye da kilomita 800 a miƙe, kuma da yawa daga cikinsu za su rayu har su koma ga Allah ba su taɓa ganin ruwan gishiri ba. Amma abin da zai shiga rumbunansu da kaka yana rataye da abin da ya faru a saman tekun Atlantika watanni kafin nan. Masana sun gano haka cikin shekaru kusan hamsin da suka wuce, har suka kai ga fitar da hasashen damina tun ana cikin bazara. Daga nan tambayar ta taso, wadda ake yi a zaure da bakin masallaci duk lokacin da rediyo ta karanta sanarwar ma'aikatar meteyo: wanda ya ce bana ruwa zai yi yawa ko zai yi ƙaranci, bai shiga hurumin da Allah ya keɓe wa kansa ba kuwa?

Ba a yi wa abu hukunci sai an san shi, don haka sai a fara da yadda ruwan ke zuwa. Idan bazara ta kankama, hamada takan ɗau zafi ƙwarai, iskar da ke kanta ta yi sama, sai wata iska mai laima ta kwararo daga mashigin tekun Gini ta nufo arewa don ta cike gurbin. Manomi ya san wannan juyi ba tare da an koya masa ba. Iskar hunturu ta arewa maso gabas takan kwanta, ta kudu maso yamma ta taso, jiki ya fara zufa mai danƙo, shamuwa ta sauka a kan itatuwan gari, gawo ya kama kaɗe ganyensa. Hadarin da kansa daga gabas ake ganin ya haɗo, domin iskar da ke can sama yamma take kora gajimare, amma laimar da yake ɗauke da ita ta ƙasa-ƙasa ta shigo, kuma kaso mai yawa na asalinta teku ne. A watannin Mayu da Yuni, ruwan sanyi yakan taso daga ƙarƙashin teku ya mamaye saman mashigin Gini. Sanyin teku da zafin hamada su ne ke ƙara wa iskar ƙarfi, shi ya sa wajen ƙarshen Yuni ruwan sama yakan yi tsalle daga gaɓar Abija da Legas ya koma arewa. Shekarar da saman tekun bai yi sanyi yadda ya saba ba, ruwan yakan daɗe a gaɓa, ƙasashen Sahel su tashi da ƙishi. Haka aka yi a 1984, shekarar yunwar da mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari.

Ba nan da nan aka gane wannan ba. Bayan farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai maƙura a 1973, bayanin da ya fi karɓuwa shi ne na Jule Charney, wani masani Ba'amurke, wanda a 1975 ya kawo ra'ayin cewa yawan kiwo da saran itace sun tsiraita ƙasa, ƙasar ta koma mayar da hasken rana sama, ruwa kuma ya ragu. Ke nan laifin ya faɗa kan talaka da akuyarsa da gatarinsa, kuma an shekara da yawa ana tsara ayyukan agaji a kan wannan fahimta. Peter Lamb a 1978, sai Chris Folland da abokan aikinsa na ma'aikatar yanayi ta Ingila a 1986, suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya tare da wani salon zafi da sanyi a saman tekuna. A 2003 Alessandra Giannini da abokan bincikenta biyu suka ɗauki awon zafin tekunan duniya daga 1930 zuwa 2000 suka ɗora wa samfurin kwamfuta, ba su gaya masa komai game da sarar daji ba, sai ga shi ya fito da damunan albarka na shekarun 1950 da farin shekarun 1970 da 1980. Lalacewar ƙasa tana ƙara wa fari tsanani, wannan gaskiya ne, amma tushensa yana cikin ruwa: ɗumamar tekun Indiya, yanayin El Nino a Fasifik, da bambancin zafi tsakanin arewaci da kudancin Atlantika.

Dalilin da ya sa teku ke ba da damar hangen watanni gaba shi ne nauyin jikinsa. Iska tana sauya hali cikin kwanaki. Teku kuwa kamar tukunyar ƙasa yake, wadda ke riƙe zafi bayan an sauke ta daga murhu: idan wani sashe nasa ya ɗumama a Afrilu, da wuya ya huce kafin Yuli. Saboda haka ake auna shi dare da rana. Tun 1997 ƙasashen Birazil da Faransa da Amurka suke kula da wani jerin na'urori masu iyo da ake kira PIRATA a tsakiyar Atlantika, wasunsu a mashigin Gini. Kowace an ɗaure ta da igiya mai tsawon kilomitoci zuwa wani nauyi da ke kwance a ƙasan teku. A samanta akwai abin auna iska da ruwan sama da hasken rana, a jikin igiyar kuma an jera ma'aunan zafi da gishiri har zurfin ɗaruruwan mitoci. Kifi yakan taru a ƙarƙashin inuwarta, jiragen masunta su biyo kifin, wani lokaci su lalata ta, sai jirgin bincike ya zo shekara-shekara ya sauya wata. Akwai kuma na'urorin Argo kusan 4,000 da ke yawo cikin tekunan duniya, kowace ta nutse har mita 2,000, ta taso bayan kwana goma, ta aika abin da ta auno ta tauraron ɗan Adam.

Waɗannan alƙaluma su ake zuba wa samfurin. Samfurin teku lissafi ne tsantsa: a yanka teku gida-gida da hawa-hawa a cikin kwamfuta, a ba kowane gida zafinsa da gishirinsa da saurin gudun ruwansa, sannan a lissafa yadda zai shafi maƙwabcinsa bayan ƴan mintoci, a sake, a sake, har a kai watanni. Syukuro Manabe da Kirk Bryan ne suka fara haɗa irin wannan lissafi na teku da na iska wuri guda a 1969. Ba sau ɗaya ake gudanar da shi ba. Akan maimaita har sau hamsin, kowane karo a ɗan sauya mafarin kaɗan, domin babu wanda ya san halin teku daidai wa daida. Idan mafi yawan amsoshin sun karkata ga damina mai ruwa, sai a ce can zato ya rinjaya.

A Yamai akwai cibiyoyi biyu da ke wannan aiki don yankin: AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 ƙarƙashin ƙungiyar CILSS bayan babban farin nan, da kuma ACMAD. Tun taron farko da aka yi a Abija a 1998, masana yanayi na Afirka ta Yamma sukan haɗu kowace shekara kafin damina su fitar da matsaya guda. Siffar matsayar ita ce abin lura a nan. Ba a cewa za a yi ruwa ranar kaza a gari kaza. Akan ɗauki yanki mai faɗi a ba shi lamba uku, alal misali kashi 45 cikin ɗari ruwa ya wuce yadda aka saba, kashi 35 ya zo daidai, kashi 20 ya gaza. Wato masu hasashen da kansu sun rubuta cewa a irin wannan hali, sau ɗaya cikin biyar abin zai zo akasin inda suka karkata.

Mai ƙyamar hasashe ba da ka yake magana ba, yana da nassi. Aya ta 34 a Suratu Luƙman ta jera abubuwa biyar da ta jingina ga Allah, cikinsu har da saukar da ruwa, kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Buhari ya kira su mabuɗan gaibu, ya ambaci lokacin zuwan ruwa a cikin abin da babu mai saninsa sai Allah. Akwai kuma hadisin Zaidu ɗan Halid Aljuhani, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka kawo. A Hudaibiyya ne, an kwana ana ruwa, bayan sallar asuba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai cewa mutane sun wayi gari kashi biyu: wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da rahamarsa ya yi imani, wanda ya jingina shi ga faɗuwar wani tauraro ya kafirce. To idan an hana a ce tauraro ne, mene ne bambancinsa da a ce zafin teku ne?

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar Hausa, sun tattauna wannan tun da daɗewa. A babin da Malik ya kawo hadisin Hudaibiyya, ya biyo shi da wani labari da ya ce ya iso gare shi daga Annabi (SAW), mai nuna cewa gajimaren da ya taso ta wajen teku sannan ya karkata wajen Sham yakan zo da ruwa mai yawa. Ibn Abdil Barri, wanda ya rasu a 1071, ya sa wannan labari cikin guda huɗu na Muwaɗɗa da bai samo musu isnadi ba, don haka ba a gina aƙida a kansa. Amma jerin da Malik ya yi yana nuna fahimtarsa, kuma masu sharhi irin su Albaji sun karanta shi a haka: na farko ya hana jingina ruwa ga wanin Allah, na biyu ya halatta a faɗi abin da aka saba gani. Mutumin Madina da ya lura cewa hadarin da ya taso daga yamma, ta wajen Bahar Maliya, ya fi ruwa, bai yi duba ba. Ya yi lura ne. Imamu Shafi'i ma ya bambanta wanda ke nufin tauraro ne ya yi ruwan da wanda ke nufin lokacin tauraron ne aka saba samun ruwa. An kuma rawaito cewa Sayyidina Umar, a wajen roƙon ruwa, ya tambayi Abbas kwana nawa suka rage a lokacin Surayya, taurarin da Bahaushe ke kira kaza da ƴaƴanta. A kan wannan fahimta ne malaman zaure suka daɗe suna ƙidaya wa manoma taurarin shekara 28, kowane da kwana 13, suna cewa an shiga Zira'a, an shiga Nasara, Ɗarfa ta kama, ba tare da wani ya tuhumi imaninsu ba.

Wanda ya fi tsananta magana shi ne Alƙurɗubi, da ya rasu a 1273. A tafsirinsa na aya ta 59 a Suratul An'am ya kawo cewa duk wanda ya yanke cewa gobe za a yi ruwa ya kafirta, ko da ya ce wata alama ya gani. Wanda bai yanke ba, ya ce dai Allah ya saba saukar da ruwa a irin wannan hali, bai kafirta ba, ko da yake an so ya kiyaye harshensa. Ke nan iyakar tana wajen yankewa. Abin da aka hana shi ne da'awar yaƙini, da kuma ba wa sababi ikon kansa. Idan aka auna takardar hasashen damina da wannan ma'auni, za a ga tana can ƙasa da iyakar, domin lambobinta uku furuci ne a fili cewa zato ne mai rinjaye. Masana ba don tsoron fatawa suka zaɓi wannan siffa ba. Tun 1963 Edward Lorenz ya nuna cewa kuskure ƙanƙani a awon farko yana girma cikin lissafin iska har ya cinye amsar, shi ya sa hasashen rana da rana ba ya wuce kamar mako biyu. Samfuran ma suna da aibin da aka san su da shi a wannan yanki: yawancinsu sukan nuna gabashin Atlantika ya fi yadda yake zafi, kuma nan yana cikin wuraren da daminar Sahel ta dogara da su.

Sai dai akwai wata amsa mai sauƙi da ya kamata a guje mata. Wasu kan ce, ai masana ba su iya faɗin ranar ba, ba su iya faɗin gonar ba, to wannan ragowar ita ce ta Allah. Maganar tana da daɗin ji, amma tana da haɗari, domin ta mayar da rabon Allah ya zama abin da na'ura ba ta kai gare shi ba tukuna, kuma duk shekarar da na'ura ta ƙara ƙwarewa sai rabon ya ragu. Tauhidin da ake karantarwa a makarantun zaure bai yarda da haka ba. Shehu Muhammadu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, mai littafin Ummul Barahin, ya kasa hukunci gida uku a littafinsa Muƙaddimat: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne a tabbatar da alaƙa tsakanin abu biyu saboda an sha ganinsu tare, alhali alaƙar tana iya saɓawa, kuma ɗayan ba shi ne ke yin ɗayan da ikon kansa ba. Wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, sanyin mashigin Gini da ruwan Tasawa, duk gida ɗaya suke. A wannan karatu, daminar da ta zo daidai da hasashe aikin Allah ce kamar wadda ta saɓa masa. Abin da samfurin kwamfuta ke bibiya shi ne al'adar da Allah ya gudanar a cikin halittarsa, kuma Alƙur'ani da kansa ya yi ta kiran mutane su dubi yadda ake kora iska tana ɗauko gajimare zuwa matacciyar ƙasa. Sanin Allah ga ruwa sani ne na asali wanda bai jira alama ba, ya kewaye kowane ɗigo da inda zai faɗa da wanda zai ci amfaninsa. Sanin ɗan Adam yana biyo bayan alama, kuma ko ya kai ina ba zai sauya jinsi ya zama wancan ba. Bahaushe da ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta bai yi da'awar ya san abin da ke cikin Lauhul Mahafuzu ba.

Inda ɓarna ke shiga da gaske shi ne a hanya, tsakanin Yamai da kunnen manomi. Lambobi uku sukan zube, abin da ke isowa shi ne "meteyo ta ce bana ruwa zai zo da wuri". Wannan jimla ta yanke, kuma ba abin da masanan suka rubuta ba ne. Illarta ba a aƙida kaɗai ta tsaya ba. A ƙasar jigawa akwai masu yin binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa. Magidanci yana gaba yana sara da sungumi, mata da yara suna biye suna jefa ƴan ƙwayoyin hatsi a kowane rami suna rufewa da diddige. Idan ruwan farko ya sauka da ƙarfi, wanda ya yi binne ya riga kowa. Idan yayyafi ne kawai, irin ya tsira, sannan sama ta ɗauke kwana ashirin, rana ta ƙone tsiron, iska ta binne saura da rairayi, kuma irin da aka ɓoye tun kaka ya tafi. Mai wannan gona idan ya dogara da maganar da aka yanke masa, ba zai sake sauraron meteyo ba, kuma da gaskiyarsa. Hasashen yanki ba hasashen gona ba ne. A damina guda hadari kan jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi, kuma jimillar ruwan shekara tana iya yin kyau alhali an yi fari a tsakiya, daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai. Amanar da ke kan mai watsa labari da malamin gona ita ce su isar da zato a matsayin zato.

Idan an yarda hasashe halal ne, magana ba ta ƙare ba, domin sani yana jawo nauyi. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda labarin annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Annabi Yusufu ya tanadi hatsi a zangarniyarsa saboda shekarun da ke tafe. A watan Afrilun 2024 taron masana da aka yi a Abuja ya yi hasashen damina mai ruwa a Sahel, kuma a ƙarshen Agusta da farkon Satumba ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a Maraɗi, tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rushe. Hukumar da aka gaya wa tun bazara, ba ta yashe magudanai ba, ba ta gargaɗi masu gidajen ƙasa a kwari ba, ba ta da damar fakewa da ƙaddara kamar wadda ba ta ji ba. Haka idan zato ya karkata ga gajeriyar damina, samar da iri mai saurin nuna irin HKP a kan kari ya zama haƙƙi. Babu ɗaya daga cikin wannan da ke soke sallar roƙon ruwa. Wanda ya san alaƙar al'ada tana iya saɓawa shi ya fi kowa dalilin fita fili ya roƙa.

Binciken teku ya kuma taɓa wata tsohuwar tambaya, ta ko fari horo ne a kan zunubin waɗanda ya faɗa wa. Bincike da dama sun nuna cewa hayaƙin ƙibiritu daga masana'antun Turai da Amurka, tsakanin shekarun 1950 da 1980, ya taimaka wajen sanyaya arewacin Atlantika, abin da ya ja ruwan sama ya yi kudu. Masana sun saɓa a kan girman kason wannan da na juyin da teku ke yi da kansa. Amma ko kaso kaɗan ne, ya isa a yi tunani. Aya ta 41 a Suratur Rum ta danganta ɓarnar tudu da teku ga aikin hannuwan mutane, aya ta 25 a Suratul Anfal kuma ta yi gargaɗi da fitinar da ba ta tsayawa kan azzalumai kaɗai. Tuba da istigfari abin nema ne ga kowa a kowane hali. Amma wanda ya tsaya gaban mayunwata ya yanke cewa laifinsu kaza ne ya hana ruwa, shi ma ya faɗi abin da bai sani ba, kuma da'awarsa ta fi ta mai meteyo kusa da shiga gaibu.

Bayan ta ruwan sama, hanya ta biyu da teku ke shigowa ƙasar Maraɗi ita ce ta tukunya. Kifin ƙanƙara da ake saukewa kwali-kwali a kasuwanni ta tashoshin Kwatano da Legas ya biyo, kifin gwangwani kuma yawancinsa daga Maroko. A nan ma akwai masu lissafi. Jirgin binciken nan mai suna Dr Fridtjof Nansen, na ƙasar Norwe da hukumar FAO, yana ƙiyasta yawan kifi a gaɓar Afirka ta hanyar aika sauti cikin ruwa da auna amsawarsa, cibiyoyi irin su IMROP a Nuwadibu da CRODT a Dakar kuma suna bin abin da ake kamawa. Sun daɗe suna gargaɗin cewa ƙananan kifayen sardinela na gaɓar Muritaniya da Senegal, abincin talaka, ana kwasarsu fiye da ƙima, ana niƙa su gari don ciyar da kifin kiwo da dabbobi a wasu nahiyoyi. Rahoton FAO na 2024 ya ce kashi 37.7 cikin ɗari na rukunan kifin teku da ake bibiya an wuce iyaka wajen kamunsu, alhali a 1974 kashi 10 ne.

Amsar da masunci kan bayar, a teku ko a tabki, ita ce arziki na Allah ne, kifi ba ya ƙarewa. Rabin farko gaskiya ne da aya ta 6 a Suratu Hud ta tabbatar. Rabin na biyu ƙari ne, kuma ba masu addini kaɗai suka faɗa cikinsa ba: a 1883 masanin kimiyya Thomas Huxley ya gaya wa wani taro a Landan cewa manyan kifayen teku ba za su ƙare da kamu ba. A 1992 Kanada ta rufe kamun kifin kod a gaɓar Newfoundland bayan ya kusa ƙarewa, mutane wajen 30,000 suka rasa sana'a. Al'adar Allah ita ce kifi daga kifi yake fitowa, kuma wanda ya kwashe uwa da ƙwai da taru mai ƙananan idanu ya yanke sababin da hannunsa. Bambancin kifi da ruwan sama ke nan: a ruwa hannun mutumin ƙauye kaɗan ne, a kifi kuwa hannunsa ne kai tsaye. Shari'a ta san keɓe wuri don maslaha, kamar yadda Annabi (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Umar ya keɓe ta Rabaza. Kabawa ma sun san shi: a Argungu ba a taɓa kifin Matan Fada sai ranar da aka buɗe ruwa, kuma Sarkin Ruwa ne ke tsaron dokar. Hana su na ɗan lokaci a tabkin Madarunfa, ko a ƙananan tabkunan da ake zuba wa ƴaƴan tarwaɗa da karfasa, daga wannan babi yake, kuma shugaba yana da hurumin sa shi bisa zato mai rinjaye ba sai ya jira yaƙini ba.

Ƙiyasin kifi shi ma yana kuskure. A shekarun 1980 masanan gwamnatin Kanada sun ɗauka kod ya fi yadda yake yawa, domin sun dogara da abin da manyan jirage ke kamawa, su kuwa jiragen suna bin ragowar kifin ne da na'ura har inda ya taru. Ƙananan masunta na bakin gaɓa sun riga sun ce kifin yana raguwa kuma yana ƙanƙancewa, ba a saurare su ba. Daga wannan ne tsarin kula da su na zamani ya koyi sabunta ƙiyasi a kai a kai, da barin rata saboda kuskure, da karɓar shaidar waɗanda ke cikin ruwan kullum. A tabki irin na Madarunfa, inda babu jirgin bincike, girman kifin da ke fitowa a taru daga shekara zuwa shekara shi ne babban ma'auni, kuma masunta da sarkin ruwansu ne ke riƙe da shi.